Yadda ake aurar da fiyar Blakeney Red, a rene ta har ta kai matsa

Ranar da na fara shiga tsohon lambun fiya a yammacin Ingila, wani dattijo mai aikin sa-kai a wurin ya tsinto ɗaya daga ƙasa, ya goge ta a rigarsa ya miƙo min yana murmushi ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ban kawo komai a raina ba, na gatsa. Nan take bakina ya ɗaure, harshe ya kama dasashi, yawu ya ƙafe. Wanda ya taɓa gatsa ɗanyar kanya ya san abin da nake nufi, sai dai wannan baurin ya ninka nata. Dattijon ya sha dariyarsa, sannan ya ce min sunanta Butt, kuma ba don ci aka shuka ta ba.

Bari in raba gardama tun da wuri. Fiyar da nake magana ba ita ce mai man nan da muke shafa wa burodi ba. Wannan fiyar Turai ce, 'yar uwar tuffa. A cikinta ma akwai ta ci, mai laushi da ake sayarwa a kanti, akwai kuma ƙanana masu tauri da bauri waɗanda ake matse ruwansu a yi wani abin sha da Turawan yankin ke kira feri. Feri giya ce, ni kuma ba na sha, ba na yi. Abin da ya ja ni shi ne itacen, da kuma auren itace, sana'ar da na tashi na ga mahaifina yana yi wa mangwaro. Nan gaba zan faɗi abin da nake yi da ruwan.

Gidan waɗannan itatuwa larduna uku ne masu maƙwabtaka: Gloucestershire da Herefordshire da Worcestershire. Akwai wani tudu a tsakiyarsu, May Hill, mai tarin itatuwa a kansa kamar tukku, kuma mutanen wurin na cewa fiyar feri ba ta jin daɗi sai inda take hango shi. An san iri fiye da 100 a yankin, da sunaye fiye da 200, domin iri ɗaya yakan sake suna daga ƙauye zuwa ƙauye. Wasu tsofaffi ne ƙwarai: Thorn an ambace ta a rubuce tun 1676. Na zaɓi Blakeney Red, wadda ta ci sunan ƙauyen Blakeney da ke bakin dajin Dean, saboda ta fi sauran sauƙin samu, tana zuba 'ya'ya sosai, baurinta da tsaminta matsakaita ne, kuma tana dafuwa a ci. Ɗan koyo bai kamata ya fara da irin da itace shida kawai suka rage masa a duniya ba.

Wata magana kafin a ɗauki wuƙa. Itacen nan sai ya sha sanyi na ɗaruruwan awoyi ƙasa da digiri 7 kafin ya yi fure yadda ya kamata. Hunturun Kano ba zai ishe shi ba, na Jos ma bai kai ba. Don haka jagoran nan na wanda ke zaune a ƙasa mai sanyi ne. Kuma kada wani ya cusa reshe a akwati zai tsallaka iyaka da shi. Akwai dokar shiga da tsirrai, kuma cuta ta haka take tafiya. Amma yankan aure ɗaya ne, mai mangwaro ko lemo zai ƙaru da shi.

Me ya sa ba a shuka ƙwallon kawai?

Domin ƙwallon Blakeney Red ba ya ba da Blakeney Red. Furen ya sha garin wata fiyar, abin da zai tsiro sabon iri ne, galibi mara amfani. Kowace Blakeney Red da ke tsaye a yau reshe ce ta itace guda na asali, hannu ya miƙa wa hannu. Idan aka daina aure, ranar da itace na ƙarshe ya faɗi irin ya tafi ke nan. Haka iri da yawa suka ɓace lokacin da aka tumɓuke tsofaffin lambuna bayan yaƙin duniya na biyu. Shi ya sa aka fara tara ragowar a garin Malvern na Worcestershire a 1991, aka kuma kafa cibiyar fiyar feri ta ƙasa a ƙauyen Hartpury, inda ake iya ganin irin a jere da sunayensu.

Baba yakan kira gindin da ake aure a kai ango, reshen da ake kawowa kuma amarya. Da sunayensa zan yi amfani, sun fi na littafi zama a kai.

Samo amarya

Ana yanko ta tsakanin Disamba da Janairu, lokacin da itacen ya zubar da ganye yana barci. Nemi sabon reshen da ya fito a lokacin tsiron da ya wuce: miƙaƙƙe, kaurin fensir, tsawonsa kamar santimita 20 zuwa 30, idanunsa siraran nan masu tsini da suka kwanta a jiki. Idanu masu ƙiba na fure ne, bar su.

A tsohon itace wannan ba sauƙi ba ne. Itacen da ya haura shekara ɗari da ƙyar yake ƙara tsawon ɗan yatsa a shekara, sabon reshe mai kyau yana can ƙololuwa inda rana ke bugu. Idan kana da haƙuri, datse reshe ɗaya babba a bana, baɗi za ka tarar ya fesa sababbi masu ƙarfi a bakin yankan.

Abin da ya fi komai ɓata aiki a nan shi ne suna. Kada ka yarda da "ai kowa ya san ita ce". Karɓi reshe daga itacen da aka tantance, ko daga masu renon da suka san asalin nasu. Rubuta sunan nan take ka ɗaura, tun kafin ka sauko daga tsani, domin a hunturu rassan fiya duk kamarsu ɗaya. Kuskuren da ka yi yau sai bayan shekara goma zai bayyana.

Naɗe rassan a takarda mai ɗan danshi, sa a leda ka ɗaure, ajiye a firji. Ba a wurin ƙanƙara ba, kuma ba kusa da tuffa ko ayaba ba, iskar da suke fitarwa tana lalata idanun.

Zaɓen ango

Nan ne za ka yanke shawarar girman itacen da tsawon ransa. Fiyar ci galibi ana aurar da ita a kan wani ɗan uwanta mai suna kwins, don ta tsaya gajera ta yi 'ya'ya da wuri. Fiyar feri da yawa ba sa jituwa da kwins. Auren zai yi kamar ya kama, bayan wasu shekaru iska ta kaɗa, itacen ya ɓalle daidai mahaɗar kamar an sare. In kana son itace irin na da, mai tsawon bene, wanda ke iya kai shekara 200 zuwa 300, nemi ango na fiya tsantsa da aka tsiro daga ƙwallo. Masu reno na sayar da wani mai suna Kirchensaller. In filinka ƙarami ne akwai Pyrodwarf, wanda ke rage girma ya kuma gaggauta haihuwa. Ni na farkon na fi so, amma ni ba ni ne zan biya kuɗin filin ba.

Sayi ɗan shekara ɗaya ko biyu, kaurinsa daidai da na amaryarka. Sayi fiye da buƙata. In itace uku kake so, aurar da shida.

Ranar aure

Ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, lokacin da ango ya fara farkawa amma amarya tana barci a firji. Wannan bambancin shi ne dabarar: saiwa ta fara tura ruwa, idon amarya bai buɗe ya fara nema ba tukuna.

Kayan aiki: wuƙa mai kaifin aska, almakashin yankan reshe, tef ɗin aure ko leda da aka yanka siri-siri, kakin zuma, sifirit na goge wuƙa, da alamar rubuta suna. A kan wuƙar nan zan daɗe. Shekarata ta farko na aurar da takwas, ɗaya ya kama. Na zargi sanyi, na zargi wanda ya sayar min da angwayen. Dattijon nan ya karɓi wuƙata ya gwada a gashin hannunsa, ko ɗaya bai faɗi ba. Bai ce komai ba, ya miƙo min dutsen wasawa. Wuƙa mara kaifi murje naman itace take yi, ba yanka ba, kuma murjajjen wuri ba ya haɗewa.

Ka gane abin da kake haɗawa. Kankare ɓawon wani reshe da farce, za ka ga wata siririyar koriyar fata mai danshi tsakanin ɓawo da itace. Ita kaɗai ce ke iya haɗewa. Duk aikin nan don koriyar ango ta taɓa koriyar amarya ne.

Datse ango a tsawon santimita 15 zuwa 20 daga saiwa. Riƙe shi sosai, ja wuƙa sau ɗaya a karkace daga ƙasa zuwa sama, yankan ya yi tsawon santimita 3 zuwa 4, ya fito sumul ba tudu ba kwari. Da kafaɗa ake ja, ba da wuyan hannu ba. In ka ga kana sassaƙa kamar mai feƙe fensir, tsaya, datse wurin ka sake.

Ɗauko amarya, yanke ta ka bar ido uku, ka yi mata irin yankan a gindinta. Duba idanun da kyau, tsininsu sama yake kallo. Na taɓa kifa ɗaya, na yi wata biyu ina jiran abin da ba zai zo ba.

Sai harshe. A fuskar yankan ango, kamar kashi ɗaya cikin uku daga tsini, dasa wuƙa ka tsaga ƙasa a hankali kimanin santimita ɗaya, kana ɗan girgiza ta. Yi haka ga amarya. A nan mutane ke yanke babban yatsa, don haka kada yatsanka ya kasance a hanyar wuƙa. Wasu kan huda katako su zura reshen ta ciki ya zama garkuwa. Zura harshen wannan cikin na wancan har su sarƙe. In ya yi daidai, za ka iya ɗaga su ba tare da ɗauri ba su tsaya. In kaurinsu ya bambanta, kada ka sa amarya a tsakiya don ta yi kyan gani. Matsar da ita gefe ɗaya, ɓawo ya dace da ɓawo. Gefe ɗaya ya isa.

Kada ka taɓa fuskar yankan da yatsa, kada kuma ka bar ta tana shan iska kana hira. Naɗe tef daga ƙasa zuwa sama da ƙarfi, ka rufe mahaɗar duka, ka ɗiga narkakken kaki a kan amarya don kada ta bushe ta sama. Ɗaura suna. Goge wuƙa da sifirit kafin ka koma wani iri.

Binne saiwoyin a tukunya ko a kunya, inda iska ba ta bugu kuma sanyin dare ba ya kwanciya. Cikin mako huɗu zuwa shida idanun za su fashe.

Shekarun reno

Fashewar ido ba shaida ba ce, amarya na iya buɗe ganye da guzurin jikinta sannan ta bushe. Sai ka ga reshe ya miƙe kamar taƙi guda kafin ka yi murna. Duk tohon da ya fito a ƙasan mahaɗa murje shi da yatsa, na ango ne, in ka bar shi zai ƙwace abincin. Cikin ukun da amarya ta fitar zaɓi mafi ƙarfi, ɗaure shi a sandar gora ya tafi sama, ka tsinke kan sauran. A tsakiyar shekara, wajen Yuli, tsaga tef ɗin don kada ya shaƙe ta.

Itacen lambu irin na gargajiya ana son gangar jikinsa ta kai kusan mita 2 kafin rassa su fara, don tumaki da shanu su yi kiwo a ƙasa ba tare da sun kai ga ganye ba. Hakan na cin shekara uku zuwa huɗu. Kada ka yi gaggawar aske ƙananan rassan gefe, su ne ke sa ganga ta yi kauri. Rage tsawonsu kawai, ka riƙa cire na ƙasa kaɗan-kaɗan kowane hunturu.

Kai ta ɗakinta

Ana dasawa tsakanin Nuwamba da Maris, ranar da ƙasa ba ta daskare ba kuma ba ta cika da ruwa ba. Fiyar feri na jure ƙasa mai nauyi wadda tuffa ke ƙi, amma ba ta son ƙafarta cikin ruwa. Guji kwari, domin a watan Afrilu take fure, kafin tuffa, kuma sanyin dare kwari yake gangarawa ya ƙone furen.

Tazara ita ce abin da zuciya ba ta yarda da shi. Kana riƙe da sanda kamar ta makiyayi, ana ce maka ka bar mata mita 12 zuwa 18 ta kowane gefe. Bar mata. A Holme Lacy ta Herefordshire an yi wata fiya da rassanta suka riƙa taɓa ƙasa suna yin saiwa, har a 1790 aka rubuta ta mamaye kashi uku cikin huɗu na eka. Taka ba za ta kai haka ba, amma ka ga jinin gidan. Kuma kada ka dasa ta ita kaɗai, tana buƙatar wata fiyar mai fure lokaci ɗaya da ita, kamar Thorn ko Hendre Huffcap, ƙudan zuma su yi jigila a tsakani.

Haƙa rami mai faɗi, ba mai zurfi ba. Kafa turke tukuna, sannan itacen, don kada ka soki saiwa. Mahaɗar aure ta tsaya aƙalla santimita 10 sama da ƙasa. Mayar da ƙasar da ka haƙo, ka taka a hankali, ka ba da ruwa. Share ciyawa mita ɗaya kewaye da gindin ka shimfiɗa ruɓaɓɓen taki ko niƙaƙƙen ɓawon itace, amma kada ya taɓa jikin gangar. Ciyawa ta fi kowane ƙwaro danne ƙaramin itace a shekaru ukun farko.

Kariya kuwa ranar dasawa ake sa ta, ba gobe ba. Ragar waya a gindi saboda zomaye, shinge mai turaku uku ko huɗu in akwai dabbobi. Tunkiya ɗaya ta taɓa kware min ɓawon itace ɗan shekara huɗu zagaye guda cikin dare ɗaya. Itacen da aka kware zagaye ya mutu, ko da ganyensa na kore.

Aski kaɗan take so. A hunturu cire busasshe, da wanda ya gitta wani, da wanda ke neman yin takara da kan itacen. Ka sa ido kan wata cuta da ta ɓulla Ingila a 1957, wadda ke sa reshe ya yi baƙi kamar wuta ta lashe shi, kansa ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Da ka gani, yanke shi can ƙasa da inda cutar ta tsaya, aƙalla santimita 30 cikin lafiyayyen itace, ƙone shi, ka wanke almakashin bayan kowane yanka.

Girbi da matsa

A kan ango na ƙwallo, ka ba ta shekara goma ko fiye kafin ka ga abin cika buhu, kuma ba za ta kai ƙarfinta ba sai ta haura talatin. Turawan yankin na da karin maganar cewa magada ake shuka wa fiya.

Blakeney Red na nuna daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ruwan ɗorawa da ja a kumatun da ke kallon rana. Ba a hawa a tsinko. Idan ta fara zuba da kanta, a shimfiɗa tamfol a girgiza rassan da doguwar sanda mai ƙugiya. In ana kiwo a lambun, a fitar da dabbobi kamar wata biyu kafin lokacin. Tsaga ɗaya ka duba: ƙwallo ya yi baƙi, nama ya ɗan saki. Fiya daga ciki take ruɓewa, za ka gan ta lafiya lau a waje, cikinta ya zama kunu. Blakeney Red ba ta jira, cikin mako guda a gama da ita. Butt ce mai taurin kai, takan yi makonni a ƙasa ba abin da ya same ta.

Wanke su, zubar da ruɓaɓɓu, niƙa su da injin niƙa 'ya'yan itace har su zama dusa-dusa. Masu yin feri kan bar niƙan ya kwana don bauri ya ragu, kuma dabarar tana yi wa mai son ruwan zalla amfani, muddin wurin da sanyi. Zuba a ƙyalle, sa a matsi, ƙara nauyi sannu a hankali. Da ƙaramin matsi na hannu za ka sami kamar rabin nauyin 'ya'yan, wato kilo 20 ya ba ka lita 10 ko sama kaɗan.

Daga nan hanya ta rabu. Masu feri sukan zuba ruwan a ganga su bar shi watanni yana tsima. Ni kuwa ranar da na matse nake dafa shi, domin ƙwayoyin da ke tsimar da shi suna jikin 'ya'yan tun daga lambu, kwana biyu a ɗaki mai ɗumi za ka ga ya fara kumfa. Ina cika tsabtatattun kwalabe in bar ɗan sarari a wuya, in jera su a babbar tukunya bisa ƙyalle, ruwa ya kai kafaɗarsu. In zura ma'aunin zafi cikin kwalba ɗaya, in ruwan fiyar ya kai digiri 75 in riƙe shi a nan minti 20, in rufe da zafinsa, in kwantar da kwalaben su huce. Yakan yi watanni a haka. In bauri ya yi maka yawa, gauraya da ruwan tuffa.

Gargaɗi ɗaya daga wanda ya gani a jikinsa: fiya na ɗauke da wani nau'in sukari da ciki ba ya narkarwa da sauƙi, yana kuma saki. Kofi ɗaya ya isa a zama guda, musamman ga yara, musamman kuma in akwai tafiyar mota a gaba.

'Ya'yan fiyar da suka fi kyan gani ba na niƙa su. Ina fere su, in raba biyu, in cire ƙwallon, in dafa a wuta kaɗan-kaɗan da kanumfari da citta da ɗan sukari, awa biyu ko uku, har su yi laushi launinsu ya juya. Na kai wa dattijon nan kwano ɗaya a bara. Ya ci, ya ce citta ta yi yawa, ya miƙo kwanon a ƙara masa.